Kamfanin Tukwane da Ƙanin Kakana

Aikin farko da na samu bayan na gama makaranta a wani babban shagon kayan girki ne a unguwar Bagdadiyya da ke Jidda. Mai shagon Balarabe ne ɗan Jidda, shi ne wakilin wani tsohon kamfanin Turai mai ƙera tukwane, musamman tukunyar nan mai murfin matsi da muke ce wa katim. An ɗauke ni saboda ina jin Turanci, ga Larabci, ga kuma Hausa idan alhazan Nijeriya da Nijar sun leƙo neman tsaraba. Ina son aikin ƙwarai. Nakan ɗaga katim sama, in ƙwanƙwasa gindinta da zobena, in ce wa mai saye, “Ji ƙarfe, Hajiya. Babu haɗi a jikinta ko ɗaya, daga falle guda aka matso ta. Wannan sai jikokinki sun gaje ta.” Sai in juya ta in nuna tambarin da aka buga a ƙasa, ɗan tsuntsu ya buɗe fiffike a cikin zobe. Da albashina na farko na sayi guda na kai gida.

A shekarata ta biyu mudir, wato manajan shagon, ya tara mu ya ce kamfanin zai yi bikin cika shekara ɗari, kuma za a turo wata daga garin da masana'antar take ta koya mana tarihinsa, don mu riƙa faɗa wa masu saye. Da ta zo sai muka ga tsohuwar Baturiya ce siririya, gashinta fari fat, an saya mata abaya da ta fi ta tsawo, tana ta tattare ta da hannu kada ta taka. Tun tana budurwa take aiki a kamfanin. Da ta yi ritaya sai aka bar mata kula da wani ɗan ɗakin kayan tarihi da ke cikin masana'antar.

Da safe ne, kafin a buɗe shago. Ta kunna mana fim ɗin da aka shirya don bikin. An fara da wani maƙeri mai gemu yana ƙera garma a ƙauye, hoto baƙi da fari. Kafin mu ankara sai ga mata cikin riguna masu launi suna dariya a kicin, tururi yana tashi daga katim. Abokiyar aikina, wata 'yar Yaman da bakinta ba ya shiru, ta ɗaga hannu.

“Madam, tsakanin garma da tukunya fa? Shekarun da aka tsallake barci kuka yi?”

Muka kwashe da dariya. Tsohuwar ba ta yi ba. Ta dubi ƙofa, mudir ya fita amsa waya. Ta kashe fim ɗin, ta jawo kujera ta zauna.

“Harsasai muka yi,” in ji ta. “Harsasan igwa. A yaƙe-yaƙen duniya duka biyu.”

Ta faɗa mana a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Da maza suka tafi fagen yaƙi, matan garin ne suka cika masana'antar. Wasu suna kan injin da ke matsa tagulla ta zama kwanso, wasu suna rumfunan da ake ɗura garin albarushi. Garin nan yana shiga fata. Hannuwansu da fuskokinsu suka koma rawaya kamar an shafa musu kurkum, gashin gaban kansu ya sauya launi. Mahaifiyarta tana cikinsu. Yayanta, wanda aka haifa a lokacin, da rawayar fata ya zo duniya. Wata safiya rumfa guda ta tashi da matan da ke cikinta gaba ɗaya. An hana kowa a garin ya yi maganar, kada abokan gaba su ji. Washegari aka ba mahaifiyarta tsintsiya da bokiti, ita da sauran waɗanda suka tsira, suka share wurin, aka ci gaba da aiki. Mai kamfanin kuwa ya fito daga yaƙin da lambar yabo, ya gina wa garin asibiti da makaranta.

“Da aka gama yaƙi injinan suka zauna ba aiki,” in ji ta. “Sai wani injiniya ya ce injin da zai iya matso kwanson harsashi daga falle guda ba tare da haɗi ba, zai iya matso tukunya. Shi ya sa tukunyarku ba ta da haɗi.”

Maganar da nake yi wa mata kullum ke nan, ina murmushi.

Ta ciro wayarta ta nuna mana hoton wani kwanso da ke ɗakin tarihinta, an kifa shi ana ganin gindinsa. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu har ta iso gare ni. Ga wani ɗan maɓalli a tsakiya, ga haruffa da lambobi a kewaye, ga tsuntsun a gefe, ya fi na yanzu rama. Na san gindin nan. Na san shi da yatsuna. Na miƙa wayar gaba.

A kicin ɗin gidanmu a unguwar Aziziyya akwai wani bututun tagulla mai nauyi da ke tsaye a bakin taga. A ciki kakata take zuba muciya da ludayi da maburgi. Muna yara, duk jajiberin sallah ita ke ba mu shi mu goge da lemun tsami da toka har ya riƙa ɗaukar ido. Ban taɓa tambayar ko mene ne ba, kamar yadda ba na tambayar asalin turmi. Tun ina ƙarama kuma rabon da in kifa shi.

Yadda na ƙarasa aikin ranar ban sani ba. Da la'asar na isa gida, ko abaya ban cire ba na wuce kicin. Kakata, wadda muke kira Sitti, tana zaune a ɗan gajeren kujerarta tana yanka kuɓewa. Mahaifiyar babana ce, ta haura tamanin, tana yarinya ta zo ƙasar nan da iyayenta ta hanyar Cadi da Sudan. Na zazzage muciyoyin a kan tebur, na kifa bututun, na ɗauko katim na kifa kusa da shi. Tsuntsu biyu, ɗaya sabo, ɗaya ya sha guga.

“Sitti, wannan abin mene ne?”

“Yau kuma? Kin san shi tun kafin ki san hannun damanki.”

“Kwanson harsashi ne, Sitti. Na igwa.”

Ba ta ko ɗago kai ba. “To wa ya ce miki ba shi ba ne?”

Wannan ya fi abin da na ji a shago girgiza ni. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na faɗa mata duk abin da Baturiyar ta faɗa. Sai da na zo kan tsuntsun ta ajiye wuƙa. Ta sa na matso mata da su biyun kusa da fuskarta, ta shafa ɗaya, ta shafa ɗayan. Ta daɗe tana kallon katim ɗin da ta shekara tana dafa mana wake a ciki.

“Ikon Allah,” ta ce. “Ashe suna nan.”

Kakana ya rasu ina ƙarama. Abin da na riƙe game da shi shi ne hannunsa na hagu, wanda babban yatsa da manuni kawai suka rage, da kuma yadda sai an yi ihu a kunnensa yake ji. An ce mana igiyar jirgi ce ta yanke masa yatsu lokacin da yake dako a tashar jiragen ruwa. Sitti ta ce ba igiya ba ce. Da hannun nan haka ya zo Jidda.

Shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Yana saurayi Turawa suka zo ɗibar soja, ya shiga, ya kuma ja ƙaninsa suka tafi tare, duk da mahaifiyarsu ta roƙe shi ya bar mata ƙaramin. Aka kai su yaƙin Habasha, aka sa su a rukunin masu igwa. Shi yana miƙo harsashi, ƙanin yana tsaye a gindin igwar. Wata rana a kan wani dutse, ba ma a tsakiyar faɗa ba, sun harba ɗaya lafiya, aka saka na biyu, sai ya fashe a cikin igwar. Kakana ya farka ba ya jin komai, hannunsa a naɗe. Ƙanin da wasu mutum biyu, abin da aka samu nasu bai kai a yi masa wanka ba. Kwanson harsashin da suka fara harbawa yana yashe a gefe, wani abokinsu ya ɗauka ya kawo masa asibiti, tun da shi ne abu na ƙarshe da ƙanin ya taɓa da hannunsa.

“Da aka sallame shi ya koma gida,” in ji Sitti. “Uwar ta fito, ta dube shi, ta dubi bayansa. Ta ce, ina ƙaninka? Ya sunkuyar da kai. Ta juya ta shige ɗaki. Kwanaki kaɗan ya yi a garin, ba ta ƙara ce masa uffan ba. Sai ya ɗauki jakarsa ya yi gabas.”

Ban lura ba ashe babana ya dawo daga masallaci, yana tsaye a ƙofar kicin da takalmansa a ƙafa, abin da ba ya yi. Babana direba ne a wani kamfanin fiton kaya, mutum mai yawan barkwanci. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

“Inna,” ya ce, “ina da baffa?”

“Kana da shi.”

“Kuma ba wanda ya faɗa mini? Na tsufa, na yi furfura, ban sani ba?”

“Mahaifinka ya ce kada a faɗa. Ya ce shi ya kai shi, shi zai ɗauka.”

Babana ya juya harshe zuwa Larabci, kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci, ya yi ta magana da sauri, rabi da ita, rabi da bango. Sannan ya tsaya, ya koma Hausa.

“Yaya sunansa?”

Sitti ta dube shi. Babana ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce “wannan” ko “mai gidan nan”.

“Sunan da ba na faɗa,” ta ce.

Babana ya zauna a ƙasa. Tun yana yaro mahaifinsa ba ya kiransa da komai sai Ɗan'uwa, har abokansa na unguwa suka ɗauka. Shi a zatonsa laƙabi ne na wasa.

Da gari ya waye Sitti ta tare ni ina shirin fita. “Baturiyar nan tana gari?” Na ce sai ƙarshen mako za ta tafi. “Ki ce mata wata tsohuwa tana son ganinta. Ki kawo mini ita.”

Na ji tsoro. Ban san abin da Sitti za ta faɗa mata ba, ban kuma san yadda mudir zai ɗauki abin ba. Na samu Baturiyar ita kaɗai tana shan shayi, na nuna mata hoton gindin bututunmu a wayata, na faɗa mata a taƙaice. Ta ajiye kofin, ta ƙura wa hoton ido. Ta ce za ta zo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci babana da kansa ya ɗauko ta daga masaukinta. Sitti ta sa zane mai kyau, ta sa an dafa gahawa, an kawo dabino. Kwanson yana kan tire a tsakiyar falo, an goge shi. Na zauna tsakaninsu ina fassara.

Baturiyar ta nemi izini ta ɗauka. Ta kifa shi, ta sa tabarau, ta karanta haruffan. Ta ce nasu ne, babu shakka, kuma daga lokacin da mahaifiyarta take aiki a can. Sitti ta gyaɗa kai.

“Tambaye ta, 'yar nan. Matan da suka cika harsashin, sun san ba shi da kyau?”

Baturiyar ta ce a'a. Su abin da ya zo gabansu suke cikawa, ana ta matsa musu su yi sauri, wasu suna gyangyaɗi a tsaye. Akwai masu duba kaya, su ne suke ware waɗanda ake shakka a kansu.

“To waɗanda aka ware, zubarwa ake yi?”

Tsohuwar ta cire tabarau. Ta ce ba ta taɓa ganin an rubuta wannan a ko'ina ba, amma tsofaffin garinsu duk suna faɗa, mahaifiyarta ma ta faɗa. Ba a zubarwa. Waɗanda ake shakka ba a ba sojojin gida. Ana loda su a jirgi a tura nesa, can inda sojojin ƙasashen da ake mulka suke yaƙi, inda ko wani abu ya faru ƙorafi ba zai dawo da wuri ba.

Na dubi babana. Yana jin Turanci daidai gwargwado, na ga ya riga ya gane. Na fara lalubo wata hanya mai laushi da zan faɗa.

“Kada ki gyara mini,” in ji Sitti. “Faɗa yadda ta faɗa.”

Na faɗa yadda ta faɗa. Babana ya miƙe ya fita baranda, ya ja ƙofa. Ta cikin gilashi ina ganin kafaɗunsa. Sitti ta yi salati a hankali. Ta ce kakana ya mutu yana ganin laifinsa ne, yana cewa wataƙila shi ne bai goge harsashin da kyau ba kafin ya miƙa, wataƙila ƙasa ce ta shiga. Har ya tsufa yana maimaita wannan.

Da na fassara, Baturiyar ta rufe bakinta da hannu. Ta ce ba za ta iya rantsewa cewa wannan harsashin yana cikin waɗanda aka ware ba, igwa takan fashe don wasu dalilai. Amma tana ba da haƙuri.

“Ce mata ba ita ta yi ba,” in ji Sitti. “Ni ma ba ni ya kamata a ba haƙuri ba. Masu karɓa duk suna ƙasa.” Sannan ta ce, “Uwar tata fa? Rawayar ta sake ta?”

Fatar ta washe bayan yaƙi, in ji Baturiyar, amma ƙirjin bai warke ba. Tana makarantar firamare mahaifiyar ta rasu da tari. A asibitin da mai kamfanin ya gina.

“Allah sarki,” in ji Sitti. Ta tura mata farantin dabino. “Kuma kika yi musu aiki duk rayuwarki?”

“Babu wani aiki a garinmu,” in ji ta.

Sitti ta ce ta gane. Suka zauna, tsofaffi biyu, kowacce da ɗan kofin gahawa a hannu. Da za ta tafi Sitti ta riƙe hannunta ta juya shi, tana duba bayan hannun da tafin, sannan ta sake ta.

Na koma aiki ranar Lahadi. Fim ɗin biki yana ta juyawa a allon da ke saman ƙofa, daga garma zuwa tukunya. Labarin abin da aka faɗa mana ya kai kunnen mudir, ya ce halas, magana ta ƙare, tarihin da ke cikin fim shi ne tarihi, kada ya ji wata ta yi wa mai saye maganar yaƙi. Ban yi ba. Amma na kasa sake ɗaga katim in ƙwanƙwasa. Idan mace ta tambaye ni ko tana da ƙarfi, sai in ce tana da ƙarfi, in yi shiru. Cinikina ya ja baya, kowa ya gani. Da wa'adin aikina ya cika ban sabunta ba, na samu wuri a wani shagon tabarau.

Babana ya yi makonni ba ya barkwanci. Bayan aiki sai ya wuce Balad, tsohon garin Jidda, inda dattawan Hausawa suke zama a bakin shagunan masu tasbaha da turare, yana tambayar wanda ya san ƙauyen. Daga wannan zuwa wancan har aka haɗa shi da wani ɗan umra mutumin yankin, shi kuma da ya koma gida ya nemo wata tsohuwa, 'yar ƙanwar kakana. Aka haɗa su a waya wata safiya, babana ya buɗe muryar wayar muna ji. Da ya faɗa mata ko shi ɗan wane ne, sai ta ce ba zai yiwu ba. Kawunnanta biyu duk a yaƙi suka mutu, kowa a gidan haka ya tashi ya ji. Kakarsu da bakinta take faɗa, kuma duk shekara tana yin sadaka biyu.

Babana ya ce mahaifinsa ya dawo, ya kwana a garin, ya rayu har ya ga jikoki, kabarinsa yana nan Jidda. Can ɓangaren muka ji tana kiran mutanen gida, tana kuka, muryoyi suna ta ƙaruwa. Sun daɗe a wayar ranar. Tun daga nan ba a rufe mako ba su gaisa ba.

A watan da ya biyo baya babana ya ɗaura harami ya tafi Makka ya yi wa baffansa umra. Na raka shi. A mota da ya zo yin niyya ya ambaci sunan, wanda shi ne nasa. Mun dawo da yamma, kansa a aske, ya durƙusa gaban Sitti ya gaishe ta. Ta sa masa albarka.

“Inna,” ya ce, “ita kakar tawa fa? Ina ta tunani a hanya. Zuciyata ba ta kwanta da abin da ta yi wa Baba ba.”

Sitti ta gyara zama.

“Ni ma na shekara da shekaru ina jin haushinta, ban taɓa ganinta ba,” ta ce. “Ka huta tukuna. In ka samu sarari ka koma ka yi mata umra ita ma.”

Ya koma kafin azumi.